Gwanin da Ke Tsakanin Kwamfuta da Fadama

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya, bayan gyara da faɗaɗawar da aka yi masa da rancen Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING. Abin da ido ya gani a ranar siminti ne da ƙarfe: madatsar da ta tare kogi, babbar hanyar ruwa da rassanta, ƙofofin sakin ruwa, da filin noma mai kusan hekta 6,000. A Nuwamban wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta zaɓi Haɗejiya ta ƙaddamar da noman alkama na rani, aka ware wa Jigawa hekta 40,000. A bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan bukukuwa akwai wani aiki da ba a tara masa jama'a. Dole wani ya san wannan gonar ta wane ce, faɗinta nawa, wa ya noma ta bana, an biya kuɗin ruwanta ko ba a biya ba, mai ita ya karɓi takinsa ko wani ya riga shi karɓa da sunansa. Idan wannan sanin ya lalace, ruwa zai ci gaba da gudu a kanal, amma haƙƙin mutane zai riƙa zurarewa ba wanda ya gani.

A ofisoshinmu mai kwamfuta shi ne wanda ake kira idan firinta ta ƙi aiki ko an manta kalmar sirri. Aikinsa na da amfani, ba na raina shi. Sai dai akwai wani mataki sama da wannan, na mutumin da ke tsara yadda bayanai ke shiga ma'aikata, inda suke zama, wanda ke da ikon taɓa su, da yadda za su koma hannun mai yanke shawara a kan lokaci. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana kuma karanta ta a matakin diflomar bayan digiri da digiri na biyu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana ba da digiri na biyu a sarrafa bayanai. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci tana da sashen da ya haɗa ilimin gudanarwa da fasahar sadarwa wuri guda. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma tana da digiri na biyu a fasahar sadarwa, wanda ma'aikaci zai iya yi bai bar bakin aikinsa ba.

Karatun rabi da rabi ne. Ɓangare guda na na'ura: yadda ake gina rumbun bayanai, yadda kwamfutoci ke magana da juna, yadda ake tsare su daga ɓarayin intanet. Ɗaya ɓangaren na mutane da kuɗi: tsara kasafi, tafiyar da aiki daga farkonsa zuwa miƙa shi, rubuta kwangila, auna haɗari, dokar kare bayanan jama'a, da yadda ake shawo kan ma'aikatan da suka saba da wata hanya su karɓi sabuwa. Ana koyar da tsare-tsaren da duniya ta gwada ta amince da su, irin su ITIL da gwamnatin Birtaniya ta soma a ƙarshen shekarun 1980, da COBIT da ya fito a 1996 daga wajen masu binciken asusu. Dalilin da ya sa karatun ya fi dacewa bayan digiri na farko a fili yake. Wanda bai taɓa ganin fayil ya kwana wata guda a kan teburin wani ba, darasin ba zai shige shi ba, don bai san ciwon da ake nema wa magani ba.

Ga yadda gwani ke kama aiki. A ce an miƙa masa rajistar manoman wani sashe na kwarin, an ce ya mai da ita cikin kwamfuta. Ɗan koyo a ranar zai buɗe na'ura ya hau shigar da sunaye. Gwani kuwa makonninsa na farko a ƙafa yake yin su. Zai zauna kusa da akawun da ke karɓar kuɗin ruwa ya ga yadda yake yanka rasit, ina kwafi na biyu ke zuwa, wa ke sa hannu, wane littafi ne ake cikawa don kawai an tarar ana cika shi. Zai hau bayan babur ɗin malamin gona su bi gefen kanal. Zai zauna da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, ya je ya gaida bulama. Bai rubuta layi ɗaya na manhaja ba tukuna, amma ya riga ya yi rabin aikin.

A wannan yawon ne zai ci karo da tambayar da komai ya rataya a kanta: me za a rubuta, manomi ko gona? Duk wanda ya san fadama ya san su biyun ba su cika tafiya tare ba. Ga gonar gado ta 'yan'uwa biyar, ɗaya ne ke noma ta, sunan mahaifinsu da ya rasu ne kuma a takarda. Ga wanda ya yi shinkafar damina da kansa, da rani ya ba wani ɗan kasuwa haya ya zuba alkama. Ga wadda aka jinginar saboda hidimar aure, sai an fanshe ta za ta koma. Ga gonar mace, ita ke sayen iri da taki, amma ɗanta ne ke zuwa taro, don haka sunansa aka sani. Rajistar da ta ba kowane mutum layi ɗaya da gona ɗaya za ta yi ƙarya tun kakar farko. Abin da gwani ke yi shi ne ya ba kowace gona lambarta, ya auna iyakarta da na'urar tauraron ɗan'adam, domin gona ba ta ƙaura. Ya ba kowane mutum lambarsa daban. Sannan ya buɗe jeri na uku wanda aikinsa kawai ya ce: a wannan kakar, wane ne ya noma gona kaza, a matsayin mai ita ko ɗan haya ko mai aro. Jeri na ukun nan kaɗai ke canjawa duk kaka. Da wannan dabarar kuɗin ruwa zai bi wanda ya sha ruwan, taki ya bi wanda ya yi shuka, mallaka kuma ta tsaya inda take ba wanda ya taɓa ta. A aji darasin tsara rumbun bayanai ne na mako ɗaya ko biyu. A Auyo rigimar gado ce aka kashe tun ba ta tashi ba.

Sai maganar suna. Mutum ɗaya a littafin bara Muhammadu ne, a katin zaɓe Mohammed, a banki Muhammad, a gari kuma Mamman ake ce masa. Sunansa na biyu yau na mahaifi, gobe na ƙauye. Lambar waya ɗaya gida guda ke amfani da ita, layin kuma yana iya ɓata a rufe shi. An ɗanɗana wannan a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yana ministan noma aka soma tura wa manoma saƙon waya su je su karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi. Dabarar ta yi kyau, ta kuma kai taki hannun mutanen da a da ba sa ganinsa, amma wanda ba shi da waya ko sabis bai kai ƙauyensu ba ya sha wuya. Yau akwai lambar ɗan ƙasa ta NIN mai alƙaluma 11, ita ce gwani ke ɗaura kowane suna a kanta don kada mutum ɗaya ya zama uku. Duk da haka yakan bar ƙofa. Akwai dattijon da fartanya ta cinye zanen yatsunsa, na'ura ta ƙi karanta su. Ba a korar irin wannan. Ana zama a tambaye shi: "Baba, taka ce ta gabas da kanal ko ta yamma? Da wa da wa kuke iyaka?" A kira maƙwabtan su shaida, bulama ya tabbatar, a rubuta cewa ta wannan hanyar aka tantance shi. Tsarin da ba shi da irin wannan ƙofa masu rauni yake fara zubarwa, su ne kuwa aka yi tallafin dominsu.

Inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne wajen ikon gyara. Rajista mai kyau dukiya ce, duk dukiya kuma tana da masu kwaɗayinta. Gwani yana tsara cewa mai shigar da suna daban, mai amincewa daban, kuma duk gyaran da aka yi na'ura ta rubuta wanda ya yi shi, da rana, da abin da ke wurin kafin a canja. Wannan rubutun ko shi kansa ba ya iya gogewa. Ranar da wani babba ya aiko da jerin sunaye a ƙara, ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Cewa yake: "Ranka ya daɗe, za a iya ƙarawa. Sai dai tsarin zai nemi lambar gonar kowannensu, zai kuma rubuta daga ofishin da umarnin ya fito." Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Ya kare manoma, ya kare ƙaramin akawun da da shi za a ɗora wa laifi, ya kare babban ma daga abin da zai biyo baya, bai kuma ci mutuncin kowa ba. Wannan ladabi ne da ƙarfin hali a haɗe, jami'a tana ba da kayan aikinsa, sauran kuma tarbiyya ce.

Tsohon akawu ma sai an bi da shi. Littafin da ya riƙe shekara da shekaru shi ne darajarsa a ofis, a kansa kuma akwai abin da ba a rubuta ko'ina ba. Idan aka shigo da kwamfuta a kan kansa, zai naɗe hannu ya zuba ido, ranar da ta yi kuskure ya ce dama ya faɗa. Gwani shi yake fara koya wa, ya sa shi ya koya wa saura, a kuma tafi da littafi da na'ura tare har kaka guda ana gwama su. Duk inda suka saɓa a bincika. Wani lokaci littafin ne ke da gaskiya.

Wuta da sabis kowa ya san halinsu, don haka manhajar da malamin gona zai riƙe dole ta yi aiki ba intanet, ta ajiye abin da aka shigar har ya iso inda sabis yake ta tura. Ofis kuma sola da batir. Abin da ya keɓanta da wannan yanki shi ne ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da mutanen Haɗejiya suka riƙa kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, ba zai ajiye kwafi ɗaya tilo na bayanansa a ɗakin ƙasa ba. Gwani yana ajiye wani a Dutse ko Kano ko a rumbun intanet, kuma lokaci lokaci yakan ɗauko shi ya gwada dawo da komai daga cikinsa, don ya tabbatar ajiyar tana da rai. Mutane da yawa sai ranar masifa suke gane tasu fanko ce.

Kogin kansa babban aikin bayanai ne. Ruwan da ke wucewa ta Haɗejiya daga Kano yake tasowa. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo yana kan kogin Kano, na Challawa da aka gama a 1992 yana kan kogin Challawa, su biyun su haɗu kafin Wudil, su gangaro ta Ringim da Auyo. Daga Haɗejiya kogin ya rarrabu cikin dausayi, wani reshen ya nufi tafkin Nguru ta Marma, sauran su tafi su haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 mai hedikwata a Kano, ita ke riƙe da ƙofofin dam. A 2006 kuma jihohi shida, Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogin gaba ɗayansa a Damaturu. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA ta fitar da na ambaliya. Alƙaluma dai akwai su. Wahalar ita ce suna hannu daban daban.

Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso Haɗejiya, ya ƙara wasu kafin Guri da Kiri Kasamma. Waɗannan kwanakin rahama ce, idan labari ya riga ruwa isowa. A ƙasan gada akwai ma'auni mai zane-zane kamar rula, akwai kuma mutumin da ke duba shi kowace safiya. Gwani daga kansa yake farawa: yana da waya, ana sa masa kati, ana biyan sa haƙƙinsa a kan kari? Idan ya turo alƙalami, wa ke duba ko bai zame ya rubuta mita 8 a madadin 3 ba? A wane tsayi ne saƙo zai tashi da kansa zuwa hukumar agajin gaggawa da ƙaramar hukuma da fadar hakimi? Da wane harshe, a rubuce ko da murya, tunda ba kowa ke karatun boko ba? Kuma me saƙon zai ce? Manomi ba ya bukatar a gaya masa mita. Yana so ya ji ko ya yanke shinkafarsa yanzu ko tana da sauran mako. Masunci da makiyayi kowanne da tasa tambayar. Bayanan da ba a tantance ba suna yi wa hukuma abin da ciyawar kacalla ta yi wa rassan wannan kogi: su cika hanya su toshe ta, har abin da ake bukata ya kasa wucewa. Rabin gwanintar a zaɓe take, sanin alƙalamin da za a tura da wanda za a bari.

Sai cinikin manhaja, inda kuɗin jama'a ya fi salwanta. Kamfani zai zo da allon nuni mai launi, a yi tafi, a sa hannu. Gwani tambayoyinsa na shekara ta biyu da ta uku ne. Nawa za a riƙa biya don sabunta lasisi, kuma yana cikin kasafi? Idan kwangila ta ƙare, bayanan na wane ne, a wace siga za a miƙo su? Babbar kalmar sirri a hannun wa take? Ma'aikata nawa za a horar har su iya gyara ba sai an kira Legas ba? Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka sunayen manoma da lambobinsu da na asusunsu amana ce da doka ta ɗora wa mai riƙe da su. Sauran tambayar ita ce wadda ake mantawa: idan na'ura da mutum suka saɓa, wa zai saurari mutumin? A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2015, hukumar gidan waya ta gurfanar da ɗaruruwan masu riƙe da ƙananan rassanta bisa zargin sata, saboda manhajar lissafi mai suna Horizon ta nuna giɓin kuɗi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu. A 2019 kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke waɗanda aka yanke wa hukunci. Ƙasa mai wuta da sabis da kuɗi ke nan. Abin da aka rasa shi ne shugabannin da za su yarda na'urarsu tana iya kuskure. Manomin da ya rantse ya biya kuɗin ruwa, kwamfuta ta ce bai biya ba, yana da haƙƙin a buɗe masa tarihin lissafinsa ya gani, gwani kuma tun farko yake gina wannan hanyar.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta zuba jari a fasahar sadarwa tun wasu jihohin ba su waiwaye ta ba, aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure, wadda ta yaye matasa da dama. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya ne, tafarkin da ya bi kuma shi ne na wannan sana'a. Ya karanta kimiyyar kwamfuta a Bauci, ya yi aikin haɗa na'urori a kamfanin Galaxy Backbone, ya koma Babban Bankin Najeriya yana tsara gine-ginen fasaharsa, ya ƙara da kwasa-kwasan gudanarwa a ƙasashen waje. Daga waya da na'ura ya taka zuwa tsari da shawara. Cikin ayyukan hukumar da yake jagoranta akwai tantance ayyukan kwamfuta na ma'aikatun tarayya kafin a kashe musu kuɗi, wato tambayoyin nan na shekara ta biyu da ta uku aka mayar ƙa'ida.

Yanzu masarautar Haɗejiya mai ƙananan hukumomi takwas tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse. Masu digirin farko ba su yi ƙaranci ba. Wanda ya ci gaba zuwa digiri na biyu ba sai ya aro matsalar bankin wata ƙasa ya rubuta kundinsa a kai ba. Asusun ƙungiyar masu amfani da ruwa, katin marasa lafiya a asibiti, harajin kasuwar kifi, hanyar da gargaɗin ambaliya ke bi daga Wudil zuwa Guri, kowanne ya isa kundi, kuma idan an gama akwai wanda zai amfana da shi a kakar da ke tafe.

Damuwata ita ce riƙe waɗannan gwanaye. Matashin da ya ƙware a wannan aiki bankuna da kamfanonin waya suna jiran sa a Abuja da Legas, albashin ƙaramar hukuma kuwa ba zai tsayar da shi ba. Shi ya sa nake ganin hukumomin da ke aiki a kwarin nan su duba cikin gida. Akwai malamin gonan da ya san kowace ƙofar ruwa daga madatsa zuwa ƙarshen kanal, akwai akawun da ta san wane gida ne ke da rigimar gado, da yawansu kuma suna da digiri ko babbar difloma. A ba irinsu hutun ƙaro karatu da kuɗin makaranta, a yi yarjejeniyar shekarun da za su dawo su yi, a kuma tanadar musu kujera a teburin da ake yanke shawarar kasafi, don su ji maganar sayen manhaja tun kafin a sa hannu.